Tsadar Silvano Oryem

A shekarar 1996 na fara ganin Silvano Oryem, ranar Litinin ɗin Ista, a filin ƙwallon kwando na makarantar mishan da ta yi ni mutum. Na je ne a matsayin sakataren ƙungiyar masaƙarmu ta Jinja, amma ko ba a aike ni ba zan je, domin filin nan da ni aka gina shi. Muna aji uku wani Fada ɗan ƙasar Holan ya sa mu jidar tsakuwa daga rafi a kwanukan abincinmu, shi kuma yana tsaye da igiyar awo yana nanata mana cewa daga ƙasa zuwa bakin kwando ƙafa goma ne, ko a nan ko a birnin Roma. Fadan ya daɗe da rasuwa, amma gasar Ista da ya kafa tana nan, baƙi kuma har yanzu a kan tudun ciyawar da ke gefe suke zama, suna kallon wasa daga sama.

Oryem ɗan ƙabilar Acholi ne daga Kitgum da ke arewacin ƙasarmu, shekararsa goma sha tara a lokacin. Limaman mishan ne suka ɗauko shi da yaƙi ya hana karatu a arewa, yana kuma buga wa ƙaramar ƙungiyar da makarantar ke da ita a rukunin ƙanana. Dogo ne, amma ba irin dogon da za a tsaya kallo a kasuwa ba. Tashinsa ne ya ɗauke mana hankali. Sai ya taso da ƙwallo, ya yi sama, ya danna ta cikin kwando da hannu biyu, ya ɗan yi lilo a jikin ƙarfen kafin ya sauko. A rukuninmu na manya da wuya ka ga mai yin haka sau ɗaya a wasa, shi kuwa yinin nan har muka gaji da tafi. A hannun damana akwai wakilin ƙungiyar wani banki daga Kampala, a bayana kocin wata jami'a. Kowannenmu yana kallon yaron da ido ɗaya, yana kallon ɗan'uwansa da ɗayan.

A wancan zamani ƙungiyar kamfani ba da kuɗi kaɗai take biyan ɗan wasa ba. Ana ba shi aiki a kamfanin, wanda ya yi sa'a kuma a ba shi gida a kwatas. Idan shekara ta ƙare, duk wanda wa'adinsa ya cika ya zama ɗan kansa, inda ya ga dama nan zai sa hannu. Wa'adin Oryem da makarantarsa Disamba zai cika, don haka tun daga Ista ake zawarcinsa. Banki suka yi masa tayin albashi mai kauri, jami'a ta ce karatu kyauta. Da na je na same shi a ƙarƙashin mangwaron da ke bayan coci, bai tambaye ni kuɗi ba. Ya ce gidan da muke bayarwa ɗaki nawa ne. Mahaifiyarsa da ƙannensa mata biyu suna sansanin gudun hijira, kuma duk wanda ya ba shi inda zai ajiye su, shi zai bi.

Na koma Jinja da murna, na ce mun fi banki makami. Sai dai gidaje masu ɗaki biyu da masaƙa ta ware wa 'yan wasa kaɗan ne, kuma duk da mutane a ciki. Ɗaya kaɗai zai iya fita, na kyaftin ɗinmu Yona Kafuko, wanda shi ma wa'adinsa Disamba zai cika. Kafuko ya haura talatin, gwiwoyinsa sun fara ƙara in ya durƙusa, kuma tun yana saurayi bai taɓa zama mai tsalle ba. Amma shekara goma sha ɗaya yana ƙarƙashin kwandonmu, a gidan nan kuma matarsa Kagoya ta haifi 'ya'yansu duka.

Kwamiti ya zauna, aka bar Kafuko ya yi magana a matsayinsa na kyaftin. Bai roƙi kowa ba. Ya ce shi dai a saninsa ba a cinikin biri a sama, mun ga yaro yana tsalle a gaban 'yan makaranta yini ɗaya, bai taɓa haɗa kafaɗa da ƙato mai gemu ba, za mu ba shi albashin mutum biyu da gida. Manaja ya amsa cewa in banki ta ɗauke shi, shekara goma za mu yi muna kallonsa yana danna mana ƙwallo a ka, kuma ba tsohon da ya rage masa shekara ɗaya ake gina ƙungiya a kansa ba. Kowa a cikinsu yana da gaskiyarsa. Aka ɗaga hannu, nawa yana ciki, Oryem ya samu shekara biyu da albashin mutum biyu da gidan.

Kafuko ya kwashe iyalinsa zuwa ɗaki ɗaya na haya a unguwar Bugembe, ya sayi keke ya shiga ɗaukar fasinja. Ranar da suka tashi Kagoya ta share gidan tas, ta bar damin itace a bakin murhu saboda masu zuwa. Masu zuwan suka iso a bayan motar gawayi, tsohuwa Mego Aryemo da 'yan mata biyu, da tukunya ɗaya da ƙunshin kaya. Maƙwabta suka ce watannin farko da takalmi a ƙafa tsohuwar take kwana, ko ƙofa iska ta buga sai ta miƙe.

Ranar atisayen farko rabin kwatas sun zo kallo. Koci ya miƙa wa Oryem ƙwallo ya ce ya nuna wa mutane abin da aka saya. Ya taso da gudu, ya yi sama, ƙwallon ta bugi bakin ƙarfe ta dawo, shi kuma ya faɗi da baya. Aka yi dariya, aka ce baƙunta ce. Ya sake, ta sake dawowa. Da aka shiga wasanni abin ya fi haka muni, domin duk jifan da ya yi gajarta yake, ƙwallo ta taɓa gaban ƙarfe ta faɗo. Manyan 'yan wasa kuma suka gane ba shi da ƙarfin tsayuwa, suna ture shi kamar labule. Yaran kwatas suka sa masa suna Albashi Biyu, in ya zo wucewa su bi shi suna waƙar albashi biyu maki babu. Abokan wasansa ba su yi waƙa ba, amma sun daina ba shi ƙwallo, wanda ya fi waƙar ciwo.

Shekarar farko da ƙyar muka tsira a rukunin manya. Manaja ya kira koci da ni ya ce masaƙa ba gidan marayu ba ce. In ƙungiya ta faɗi rukuni a shekara mai zuwa, gidajen 'yan wasa za su koma hannun masu aikin injin, kuma ko ba ta faɗi ba, ba za a sabunta wa yaron nan ba sai ya nuna amfaninsa. Ni aka ɗora wa isar da saƙon. Oryem ya saurara a tsaye a ƙofar sashen rini inda yake aiki, hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu, ya ce ya ji. Ya roƙe ni abu ɗaya, kada maganar ta kai kunnen mahaifiyarsa.

Lahadin da ta biyo, muna fitowa daga coci ya tare ni ya ce, “Baba Paskali, ka san inda Yaya Kafuko yake zaune?” Na ce na sani, me zai yi masa. Ya ce akwai maganar da ba zai iya faɗa wa koci ba. Na yi jinkiri, domin tun da aka ɗaga hannun nan gaisuwata da Kafuko ba ta wuce ta kan hanya ba, amma na kai shi.

Muka tarar da Kafuko a ƙofar ɗaki yana facin taya a cikin kwanon ruwa. Ya ɗago ya dube mu ya ce, “Yau zakaran masaƙa ne a unguwar talakawa? Kagoya, kawo kujera, mai kyan, kada kaya mai tsada ya yi ƙura.” Oryem bai karɓi kujerar ba, ya tsuguna a gabansa ya ce, “Yaya, kwandon makarantarmu gajere ne.”

Daga nan ya warware mana. Tun ranar farko da ya tsaya a ƙarƙashin kwandon masaƙa ya miƙa hannu, ya ji ragar ta yi masa nisa, amma ya ɗauka tsoro ne. Da abin ya ishe shi, wata Asabar ya yanki gora daidai tsawon kwandonmu, ya ɗaura ta a kan mota ya koma makaranta ya gwada. Gorar ta zarce bakin kwandon can da taƙi guda. Tsohon mai share filin ya gaya masa cewa sau uku ana sabunta simintin tun bayan Fada, kowane karo sai a zuba sabo a kan tsoho ba a fasa ba, sandunan kuwa suna nan inda aka kafa su tun farko. Ƙasa ce ta taso, kwando bai motsa ba. Hannunsa da ƙafarsa duk a kan wannan tsawon suka koyi aiki. Yana cikin magana na tuna cewa a zamaninmu sauka ake yi cikin filin nan, amma ranar Ista hawa na yi, har na zargi gwiwoyina.

Kafuko ya saki tayar ta nutse cikin ruwa. Ya fara dariya a hankali, ta ci ƙarfinsa har ya jingina da bango yana share hawaye. Ya ce, “Kagoya, zo ki ji. Ashe siminti ne ya kore mu daga gida.” Ita ba ta yi dariya ba. Da ya lafa ya ce, “To me kake so, in je da zarto in rage maka na masaƙa?”

Oryem ya ce, “Ka koya mini abin da kake yi. Kai ba ka tsalle, amma ƙwallo wurinka take zuwa.”

“Wato ka cinye gidana, yanzu ka zo cinye abin da ke kaina.”

Ni dai na sa ido a kan takalmina. Kagoya ce ta tambaya daga bakin ƙofa ko tsohuwar tana samun barci yanzu. Oryem ya ce ta fara cire takalmi. Kagoya ta dubi mijinta ta koma ciki. Kafuko ya tsamo tayarsa ya daɗe yana jujjuya ta, sannan ya ce in aka kori Oryem ba shi Kafuko za a mayar wa gidan ba, wani ɗan tsallen za su nemo, gara ya san wanda ke ciki. Ya ce ya zo Lahadi da la'asar filin firamaren unguwar, kuma in ya makara kada ya zo.

Na halarci darussan nan sau da yawa, da sunan rakiya. Kafuko yakan zauna a kan kariyar kekensa yana jifan allo da ƙwallo, Oryem yana ƙarƙashi. Ya hana shi tsalle gaba ɗaya na wata biyu. Ya ce fiye da rabin jifan da ake yi a wasa ba ya shiga, kuma wannan rabin da mutane suka raina ya ishi mutum ya ci abinci shekara goma. Wanda ya jefa daga dama, a jira ƙwallonsa a hagu. Wanda ya gaji, jifansa gajarta yake, a tsaya kusa. Kada ya kalli ƙwallo tana sama, ya fara nemo abokin hamayya ya sa shi a bayansa, sannan ya ɗaga kai. Ya ce jarin mai tsaron ƙarƙashin kwando ba a ƙafarsa yake ba, yana wurin da yake zama da shi, sai dai shi da sunansa ya kira wurin. Idan Oryem ya yi kuskure sai ya ce masa, “Albashi Biyu, ko rabin albashi ba ka yi ba yau.” A bakinsa sunan ya daina zama zagi. Mego Aryemo ba ta san dalilin zuwan ɗanta Bugembe ba, amma kowace Lahadi sai ta ba shi kwanon miyar ganye da suke kira malakwang da dankali ya kai wa matar da ta bar mata itace, ya dawo da dafaffiyar ayaba da ake kira matoke.

A shekara ta biyu ba wanda ya lura da sauyin da wuri, domin irin aikin da ba a tafa masa ne. Ni da nake zaune a teburin alƙalai na fara gani. Abokan hamayya sun daina samun jifa na biyu, in suka jefa ba ta shiga ba, ta zama tamu. Masu jifanmu kuma suka samu ƙwarin gwiwa, don sun san akwai mai tsinto musu abin da suka zubar. Duk da haka mun sha kashi fiye da yadda muka ci, kuma da wasan ƙarshe ya zo lissafin a fili yake. In muka ci mun zauna, in aka ci mu mun faɗi, gidaje sun tafi. Wasan a Kampala ne, da ƙungiyar bankin nan da ta so ɗaukarsa tun farko.

Na roƙi Kafuko ya biyo motarmu, ya ce yana da fasinjoji, ba shi da albashi ko ɗaya balle biyu. Bai zo ba. Oryem ranar kwando biyu kacal ya ci, amma dogon bankin, wanda ya fi shi tsawo da kai guda, yinin nan bayan rigar Oryem kaɗai ya gani. Saura kaɗan a tashi muna gaba da maki ɗaya, ƙwallo a hannunsu. Gwaninsu ya jefa daga dama. Kowa a filin ya ɗaga kai, ban da Oryem, wanda ya riga ya koma hagu da dogon a bayansa. Ƙwallon ta zagaya bakin ƙarfe ta fito, ta faɗo cikin ƙirjinsa, ya rungume ta kamar jariri har aka busa. Bayan an busa ma sai da alƙali ya zo ya roƙe shi ya sake ta.

Aka sabunta masa, amma a kan albashin mutum ɗaya. Bai yi ciniki ba, ya tambaya dai ko gidan yana nan, aka ce yana nan, ya sa hannu. Shekara takwas ya ƙara yi mana. Bai taɓa danna ƙwallo cikin kwando a wasa ba ko sau ɗaya, jarida ba ta taɓa buga hotonsa ba, amma tsawon zamansa ba mu sake leƙa bakin faɗuwa ba. Ƙannensa suka gama makaranta a gidan nan, ɗaya ta zama malama. Yaran da suka yi masa waƙa, da yawansu shi ya koya musu riƙe ƙwallo.

Jikokina sukan zauna gaban talabijin suna gardamar ko ƙungiyoyin Amurka sun haukace da suke zuba wa yaran da ba su tabuka komai ba dukiya. In suka tambaye ni, nakan ce haka ciniki yake in masu saye uku suka haɗu a kan abu ɗaya, kowa tsoron ɗan'uwansa yake biya, ba kayan ba. Mu ma mun biya Oryem fiye da ƙimarsa, wannan ba gardama. Abin da muka saya ba mu same shi ba, domin babu shi. Abin da muka samu kuwa ba mu san ana sayar da shi ba, kuma ni har yau ina gode wa Allah da Ya rufe idanun mutum uku a kan tudun nan, Ya sa namu tayin ya fi.

A 2007 aka sayar da masaƙar. Sababbin masu ita ba su son ƙungiya, ba su son kwatas, suka ce a sayar wa kowa gidan da yake ciki a kan rahusa. Arewa ta fara lafawa a lokacin, Mego Aryemo kuma ta kafe sai ta koma ta ga gonar mijinta kafin ta mutu. Oryem ya sayi gidan da kuɗin sallamarsa, kowa ya ce ya yi wayo, zai zuba 'yan haya ya tafi. Kafuko kuwa gwiwoyin sun gama cin amanarsa, babura kuma sun kashe kasuwar keke, Kagoya ce ke riƙe da ɗakin Bugembe da suyar rogo a bakin titi.

Ina ƙauye wajen jana'izar yayana lokacin da Oryem ya tashi, ban samu yi masa sallama ba. Da na dawo na bi ta gidan in ga ko akwai wanda zai ba ni lambarsa. Na ƙwanƙwasa, aka buɗe, sai ga Kafuko da sanda a hannu, ƙamshin matoke yana fitowa daga bayansa.

Ya ce, “Shigo mana, Paskali, ka tsaya kana kallona kamar ka ga fatalwa. Yaron nan ne ya maƙale mini. Wai in riƙe masa gadin gida kafin ya dawo, ba ya yarda da 'yan haya, suna ɓata bango. Na ce masa ni ina da harkokina, ya yi ta magiya har na ji kunya.”

Na tambaye shi yaushe Oryem zai dawo. Ya ce wai ba da jimawa ba.

Jikokin Kafuko biyu a gidan aka haife su, babban ya shiga sakandare bana. Duk sanda na je sai ya yi mini ƙorafin cewa a duk Jinja babu maigadin da ya kai shi daɗewa ba albashi, kuma ranar da mai gida ya dawo sai sun zauna. Kagoya in ta ji haka sai ta tashi ta duba tukunya. A Kirsimetin da ya wuce Oryem ya kira ni daga Kitgum, inda yake noman riɗi yana koya wa 'yan makaranta wasa. Muka gaisa, na yi masa ta'aziyyar tsohuwa da ta rasu, sannan na ce maigadinsa yana tambayar ranar dawowa.

Ya ce, “Baba, gonar nan ba ta barin mutum ya motsa. Ka ce wa Yaya ya ƙara haƙuri.”